Tarko a Kabarin Muriel

Alƙawarin da mutum ya yi wa mamaci, wa yake da ikon warware masa shi? Na daɗe ina juya wannan tambayar a raina ina tura injin yankan ciyawa a maƙabartar cocin ƙauyenmu, kuma har yau ban samu amsa ba. Na taɓa yi wa fasto ita. Ya ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, sannan ya duba agogonsa.

Ɓeran ƙasa ne ya jawo ta. Ɗan baƙin nan mai laushin gashi da hannuwa kamar shebur, wanda yake ƙare rayuwarsa cikin ramukan da ya haƙa, ba ka sanin yana nan sai ka wayi gari ka ga ya turo maka tulin ƙasa a tsakiyar ciyawa. Maƙabartarmu cike take da mutanen da ba wanda ya ƙara tunawa da su, amma wannan bawan Allah bai ga inda ya yi masa ba sai kabarin Muriel Raine, matar Hedley Raine, mutumin da ya tsufa yana kashe dangin ɓeran a duk gonakin kwarin nan. Har yau wasu na ce mini dabba ba ta san ramuwa ba.

Ni da Hedley tare muka tashi. A zamanin da yake sana'ar, duk ɓeran da ya kama sai ya rataye shi ta hanci a jikin wayar shinge, a jere, don manomi ya ga an yi aiki. Tagar kicin ɗin Muriel kuwa tana kallon ɗaya daga cikin shingayen nan. Tana wanke kwanuka tana kallonsu suna lilo a iska, suna bushewa. Da ciwon ajali ya kwantar da ita sai ta riƙe hannunsa ta karɓi alƙawari, shi kuma ya tattara tarkunansa ya rufe a rumfar bayan gida. Tun ranar da aka binne ta bai sake taka cikin maƙabartar ba. Kullum da safe zai zo da karyarsa Peg, ya jingina da katangar duwatsu, ya hango kabarin daga nesa, ya koma gida.

Tulin farko na baje shi da ƙafa. Washegari na tarar da wasu, sun zagaye kabarin kamar an yi masa ado. Uwargida Pickersgill, shugabar kwamitin coci, wadda ta fi damuwa da ciyawar matattu fiye da lafiyar masu rai, ta same ni da maganar.

"Arnold, wannan abin kunya ne. In ba ka yi maganinsa ba, ranar Litinin masu guba za su zo. Ƙwayoyi suke zubawa a ramin, su narke su zama hayaƙi, shi ke nan."

"A kan Muriel za a zuba?"

"Muriel ba za ta yi ƙara ba."

Na je katanga na gaya wa Hedley. Ya saurare ni har ƙarshe yana sosa kunnen Peg.

"Na daina," in ji shi.

"Ɗaya ne tak, Hedley."

"Na farkon ma ɗaya ne tak."

"Wai me ta ce maka ne? Faɗa mini yadda ta faɗa."

"Cewa ta yi, 'Hedley, ba na son in sake ganin ko ɗaya.'"

"To ai ga shi nan ya tare a gidanta! Kullum sai ya wuce ta gaban fuskarta. Kai ne ma kake karya alƙawarin da ka bar shi."

"Matacce take nufi, sakarai."

"Ta ce matacce?"

"Ba ta ce ba. Tana fama da numfashi, ba ta san wata rana mai yankan ciyawa zai zama lauya a kanta ba."

Na koma gida na yi ta tunanin maganar. In abin da ta faɗa za a bi, a kashe ɓeran. In abin da take nufi za a bi, a bar shi. Kuma wadda za ta raba gardamar tana kwance ƙarƙashin ɓeran, ta yi shiru.

Da na ga tunani ba ya kama ɓera, sai na shiga gari na sayo tarkuna sababbi fil, irin masu kama da rabin gwangwani da zoben waya a kowane baki, suna ƙyalli. Na buɗe tuli mafi girma na cusa ɗaya a ciki. Hedley yana katanga yana kallo. Bai yi mini magana ba. Da karyarsa ya yi.

"Kin gani, Peg? A juji ya saka. Tulin nan sharar da ɓera ya fitar ce, shi kuma Arnold yana zaton falonsa ne. Ke kin taɓa ganin wanda yake yawo a jujinsa?"

"In kana da magana ka yi da ni," na ce.

"Ni? Ni na yi alƙawari. Hira nake da karyata."

Da safe na tarar ɓeran ya cika tarkon da ƙasa tam, ya danne, ya haƙa sabuwar hanya ta gefe. Aiki mai tsafta, wallahi, ya fi nawa.

Haka muka ci gaba. Ni ina durƙushe cikin yayyafi, Peg tana karɓar darasi. A cikin 'yan kwanakin nan karyar ta ji cewa ana neman babbar hanyar ɓera ne tsakanin tuli da tuli, ko a bin gindin katanga, da siririyar sandar ƙarfe, ana sokawa a hankali har sai an ji sandar ta faɗa fili. Ta ji cewa ana yanka ciyawar daidai girman tarkon, a kwashe duk ɓurɓushin da ya zuba cikin ramin, a daddanna ƙasansa ya yi sumul. Ta ji cewa ana rufe saman ruf, don ko ɗigon haske ko sanyin iska ya shiga, ɓeran ya san an yi masa baƙo. Ba na jin akwai karyar da ta kai ta ilimi a arewacin Ingila.

"Tambaye shi, Peg, da wane sabulu yake wanke hannu? Tun daga nan nake jin ƙamshin furanni. Ɓera ba ya gani, amma hancinsa ya fi na Uwargida Pickersgill shiga abin da ba a gayyace shi ba. Sabon tarko, sabon mai, hannun amarya. Saura ya rera masa waƙa."

"To wannan da kake yi ba kisa ba ne?" na ce. "Ka ba da ilimin, ni in ba da hannun, kai kuma ka kwana da alƙawarinka fes?"

"In ka kama wani abu sai mu yi wannan shari'ar. Zuwa yanzu ba a yi wa kowa laifi ba, sai ciyawa."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na je duba tarkon da na kafa a gefen dutsen kabarin. Na tarar tarkon ya tashi. Na ɗaga ciyawar da murna, sai na ga ba ɓera. Zoben wayar ya kama da karkace, a jikinsa akwai ɗan jini da farce guda. Tarkon da aka kafa daidai yana kashewa nan take, ɓeran bai ma san ya mutu ba. Nawa kuwa yatsa ya cire masa ya sallame shi. Kuma a gindin dutsen ga sabon tuli, dutsen da kansa ya ɗan sunkuya gaba kamar Muriel tana son ta ga wane ne yake wannan shirmen.

Na ɗaga tarkon na nuna wa Hedley. Wannan karon bai ce wa Peg komai ba.

Uwargida Pickersgill ta iso da hularta ta Lahadi, ta duba dutsen, ta dube ni.

"To, ka yi iya yinka, Arnold, kuma mun ga iyakarsa. Gobe da safe masu guba za su zo." Ta juya wajen katanga da muryar ta'aziyya. "Kada ka damu, Hedley. Sun tabbatar mini ɓeran ba ya jin komai. Barci kawai yake yi."

"Kin taɓa tono wanda ya yi barcin?" in ji Hedley.

"A'a mana."

"Ni na taɓa."

Ta gyara hularta ta tafi cin naman Lahadinta.

Yayyafi ya fara sauka. Na fara tattara kayana. Sai na ji duwatsun katanga suna motsi. Ga ƙofa a buɗe can gefe, amma Hedley da gwiwoyinsa marasa kirki sai da ya haura katangar, wai don kada a ce ya shigo ta ƙofa kamar mai ziyara. Ya tako a hankali tsakanin kaburbura har ya tsaya a kan na matarsa. Ya karanta sunanta a dutsen, wanda bai taɓa gani kusa ba.

Daga aljihun kwat ɗinsa ya zaro tarko. Tsoho ne, baƙi ƙirin, kuma ga ɗanyar ƙasa manne a jikinsa. Masu sana'ar sukan binne tarko a lambu kwana da kwanaki kafin su kafa shi, don warin mutum ya fita.

"Tun yaushe wannan yake binne?" na ce.

"Ba ni sandar."

"Hedley, tun kafin in sayo nawa, ko? Ka bar ni ina rarrafe cikin ruwa..."

"Sandar, lauya."

Na miƙa masa. Ya soka sau biyu, a na uku sandar ta faɗa. Ya durƙusa da ƙyar, ya cire hularsa ya ajiye a ciyawa. Sannan ya tura hannuwansa biyu cikin tulin da ke gindin dutsen, ya ɗebo ƙasar kabarin, ya shiga murza ta a tafukansa da tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana murzawa, fiye da yadda aikin yake bukata.

"Ba zan rataye shi ba, Muriel," in ji shi. "Ba za ki gan shi ba."

Ya yanka ciyawar, ya share ramin, ya zura tarkon.