Bafaranshen Funtua

Sanda ya fizge takardar daga hannun Alhaji Maitama, mai ƙungiyar, ya duba sunayen.

"Su wane ne waɗannan huɗun?"

"'Yan wasa ne na ɗauko daga Zariya," in ji Alhaji. "Wasan ƙarshe ne, Koci. Ba zan taso tun daga Funtua har Malumfashi in sha kunya ba. Ka ajiye Talha da sauran ukun a benci."

Shekara goma sha ɗaya Sanda ya yi yana taka leda a ƙananan ƙungiyoyin Faransa, har ya zama ɗan ƙasa. Da gwiwa ta gaza sai ya koyi horarwa, ya dawo gida, kowa na ce masa Bafaranshe. Tun saukar damina yake fama da waɗannan samari. Talha, mai ci masa ƙwallo, daga gonar masara yake zuwa atisaye da laka a ƙafa, bai taɓa fashi ba.

"Alhaji, sojan haya zan saka? Su suka kawo mu nan?"

"Kada ka ɗaga mini murya! Nan ba Faransa ba ce. Mota tawa, riguna nawa."

"Ƙafafun fa? Su ma naka ne?"

Sanda ya yayyaga takardar a gaban Alhaji. Ya rubuta sunayen mutanensa goma sha ɗaya, ya ratsa fili ya miƙa wa alƙalin wasa. Alhaji ya biyo shi yana haki, amma alƙali ya ce an rufe, ba a sake suna.

"Na kore ka!" Alhaji ya daka tsawa, jama'a na kallo. "Ka bar mini benci, ɗan rainin wayo!"

Sanda ya cire usur daga wuyansa ya jefar a ƙasa. Ya tsallake igiya ya kutsa cikin 'yan kallo, tsakanin mai rake da 'yan acaɓa. Daga nan ya yi ta ihu yana ba 'yan wasansa umarni har murya ta dishe. Ba ɗan wasan da ya waiwayi benci, inda Alhaji ya zauna da baƙinsa.

Talha ya ci ɗaya. Malumfashi ta rama, ta ƙara ana saura minti uku. Alhaji ya kwashe baƙinsa a motar, ya bar Sanda da 'yan wasansa tsaye a bakin titi.

Suka sami motar dawa mai zuwa Funtua, suka ɗare kan buhuna. Suka wuce Bakori. Can Talha ya matso.

"Koci, gobe ƙarfe nawa?"

"Ba ka ji an kore ni ba?"

"Mun ji. Ƙarfe nawa?"

Sanda ya harare shi, ya kau da kai.

"Bayan La'asar. Wanda ya makara zai zaga fili sau goma."