Hawayen da Suka Ceci Jaka

Kawunan jirgin ƙasa biyu ne suka rage a tsohuwar tasha, gidan tarihi kuwa ɗaya kawai zai ɗauka. Kwamiti ya yi ta zama har shayi ya ƙare, sannan shugaba ya yanke hukunci: a kawo tsohon direbansu, kan jirgin da ya yi wa kuka a ajiye shi, ɗayan a ba masu yankan ƙarfe.

Tsohon ya zo yana dogara sanda. A gaban wanda suke kira Amarya, da ba ta taɓa ba shi kunya a hanya ba, ya cire hula. Namiji ba ya kuka cikin mutane, don haka ya haɗiye abinsa.

Sai aka kai shi gaban Jaka, wadda ta ƙone masa gemu, ta kuma mace masa a tsakiyar gada ranar da surukansa ke cikin jirgin. Ga ta yau tsatsa ta cinye ta, kaza har ta yi ƙwai a murhunta.

"Ashe kema ranarki ta zo," ya ce. Dariya ta kama shi har hawaye suka zubo.

"Ku dubi ƙauna," in ji shugaba, yana share nasa idon.

"Ranka ya daɗe, dariya nake yi."

"Haka baƙin ciki yake, Baba."

Aka yanka Amarya. Jaka kuwa ta sha fenti, aka kuma naɗa shi mai goge ta kowace safiya, tunda babu mai sonta kamarsa.