Tagar Goggo Atu

Goggo Atu ba ta amsa sallamata ba, kuma ba halinta ba ne. Na sake bugun ƙofar, tana kulle ta ciki. Shiru.

Daga Kebbe ta zo Tambuwal jinyar ƙaninta, wato Babanmu, wanda ciwon zuciya ya kwantar a tsakiyar bazara, ga azumi. Likita ya ce a nema masa sanyi. Yaya Siddiƙ, wanda komai nasa sai da gaggawa, ya ɗauko Namadi mai gyaran firiji aka kafa wa Baba na'urar sanyaya ɗaki da sola. Rabinta a ciki, ɗaya rabin mai fanka Siddiƙ ya sa aka maƙala a lungun baya, wai kada ya ɓata fuskar gida. Lungun nan ko jaki ba zai iya juyawa a ciki ba. Kowa ya yi ta sa masa albarka, shi kuwa sai washe baki yake.

Na zagaya lungun in leƙa ta taga. Ina shiga wani huci ya daki fuskata kamar na buɗe tanda. Fankar tana kallon tagar Goggo kai tsaye. Tagar a rufe ruf, an cusa tsohon zani a duk wata kafa. Ita kaɗai ce taga a ɗakin.

Nan na tuna abin da Namadi ya faɗa ranar kafawa, ba wanda ya saurara. Injin ba ya ƙirƙirar sanyi, zafin ɗaki yake kwasa ya zubar a waje, lokacin sanyi kuma in an juya shi, ɗumin waje yake jawowa ciki. Ke nan tun farkon azumi, duk zafin da muka cire wa Baba ɗakin Goggo muke juye shi.

Na ƙwala wa Siddiƙ kira: "Yaya, taho ka ɓalle ƙofar ga, maza."

Muka same ta kwance a ƙasa kusa da randa. Jikinta zafi rau, ba ko ɗigon gumi, mayafin da ta jiƙa ta lulluɓa da shi ya bushe ƙamas. Tsoro ya kama ni, ga haushin Siddiƙ.

"Khairiyya, je ki kashe injin," in ji Siddiƙ.

"In munka kashe, Baba fa? Kama mu kai ta can."

Muka kinkime ta zuwa ɗakin Baba. Da ya ga wadda muka shigo da ita, mutumin da sai an tallafe shi yake zama, ya lallaɓa ya sauka daga gadon da kansa. Na yi ta shafa mata ruwa ina ɗiga mata a baki, azumi ko ba azumi. Siddiƙ yana bakin ƙofa yana waya a kawo mota zuwa asibiti.

Ana kiran la'asar ta buɗe ido.

Baba ya matso daga kan tabarma. "Yaya, don mi ba ki faɗi ba?"

Ta dubi abin da ke hura mata sanyi daga bango, sannan ta dube shi.

"Tun da anka kawo shi ka ka samun kwana, Haliru. In na faɗi cire shi za su yi." Ta soma laluben gefen gado za ta tashi. "Ku maida ni ɗakina. Ku ba shi gadonai."