Saura Zagaye Ɗaya a Sitiyari

Tun da Malamar lissafi ta shiga aji ba ta zauna ba. Ta ɗauki alli ta ajiye, ta duba agogo, ta sake ɗauka. Da rana za a yi mata gwajin tuƙi, kuma wannan karon ba wasa: Auta, ƙanenta da ke kai Baba asibiti wankin ƙoda, ya samu aiki a wani gari, ƙarshen mako zai tafi. In ba ta samu lasisi ba, motar gidan sai dai ta zama wurin kwanan kyanwa.

Ta zana da'ira a allo, ta ja layi daga tsakiya. "Wannan kusurwar digiri talatin ce. In na juya layin nan zagaye guda, wato ɗari uku da sittin, ina zai tsaya?"

"Inda yake, Malama!" in ji ɗalibai.

"To kun gani. Digiri talatin da digiri ɗari uku da casa'in wuri ɗaya suke ƙarewa. Ku yi ta zagaye har jiri ya ɗebe ku, mu dai inda layi ya tsaya muke dubawa." Shekara da shekaru tana faɗin haka, ko cikin barci aka tashe ta za ta maimaita.

A filin gwaji, jami'in ya shigo ya cika kujerar gefe da tumbinsa, ya ce bismillah. Ta tashi mota lafiya, ta sha kwana lafiya, har ta fara jin ashe abin ba komai ba ne. Da aka zo shiga tsakanin durom biyu da baya, ta murɗa sitiyari har ƙarshe, motar ta shige tsaf.

"Miƙar da taya, ki fito gaba," in ji jami'in.

Ta shiga warware sitiyarin. Ta kalli tambarin da ke tsakiyar sitiyari, ga shi tsaye ƙyam yadda yake tun farko. Kan malamar lissafi ya ce mata ai shi ke nan, an dawo sifili. Ta taka totur.

Motar ta karkata hagu ta daki durom, ya yi ta gangarawa yana kururuwa har bakin katanga. Nan take ta gane, kuma ganewar ta fi ƙarar ciwo: saura zagaye guda ba ta warware ba. Tambari ya koma wurinsa, amma tayoyi suna nan a murɗe.

"Ranka ya daɗe, zagaye ɗaya ne fa kawai!"

"Durom ɗin ma ɗaya ne, Malama. Sai wani karo."

A bakin ƙofa ta tarar da Auta ya biyo da Baba daga asibiti don su ɗauke ta. Tuni ya fito daga kujerar direba yana kaɗa mata makulli, baki har kunne. Baba na baya a jingine, auduga manne a hannunsa, ya leƙo ta taga.

"Uwata, yau ke za ki kai ni gida."

Ta wuce Auta ba ta karɓi makullin ba. Ta buɗe ƙofar gefe ta zauna. "Auta, ja mu je."

Da suka hau titi, Baba ya tambayi Auta a hankali ko wurin aikin za su yarda su ɗaga masa ranar tafiya.