Laifin Asabar

Kowace Asabar matan unguwar sukan taru a ɗakin taro na ƙasan bene, a birnin Chongjin, kowace ta tashi ta faɗi laifinta na mako, sannan ta faɗi na wata. Wadda laifinta ya yi nauyi, mota ce ke zuwa ta kwashe ta da iyalinta zuwa ƙauyukan haƙar kwal, can cikin duwatsu. Ba a dawowa.

Shekara goma sha tara Pok-sun da maƙwabciyarta Kum-ok suna musayar laifi. Ranar Juma'a suke shiryawa, a bakin famfo.

"Yaya, gobe me zan ce kin yi?" in ji Kum-ok.

"Ki ce na makara sharar titi."

"Kin makara makon jiya, tsohuwa. Sai ka ce gawa."

"To ki ce na yi hamma ana karanta jawabi. Ke kuma kin bar bokiti a matakala."

Haka suka rayu, har aka kawo sabon jami'i, Kwamared Choe, saurayi mai tsabtar farce wanda ya karanta tsofaffin rahotanni duka.

Ya ce, "Kwamared Pok-sun, bokitin nan ya kwana a matakala sau arba'in da ɗaya. Ko dai bokitin ne ba ya jin magana, ko ku biyu kuna wasa da Jam'iyya. Ba ni sabon laifi. Na gaske."

Pok-sun ta tsaya. Ta tuna jikanta biyu da ke gida. Ta laluba kanta tana neman abu mafi ƙanƙanta a duniya, wanda ba zai taɓa kowa ba.

"Kum-ok... ta naɗe busasshen kifi a jarida."

Wasu mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Choe bai yi ba.

"Ya aka yi kika sani?"

"Ni ta kawo wa, ranar da na kwanta zazzaɓi."

"Ina jaridar?"

Tana ɗakin girkin Pok-sun, ƙarƙashin tulun kabeji. Aka tura mace biyu suka ɗauko. Choe ya warware takardar da hannu bibbiyu, a hankali. Shafin farko ne, mai hoton Shugaban ƙasa. Man kifi ya ratsa fuskar Shugaba daga goshi har haɓa, gindin tulun kuma ya bar da'ira a ƙirjinsa.



"Man kifin na wata ne, da'irar ta wata," in ji Choe. "Kwamared Pok-sun, da kika ɗora tulu, kin ga fuskar?"

Ta gan ta. Ta ma juya ta ƙasa don kada yaran su gani.

"A ninke ta ba ni, Kwamared. Ban buɗe ba. Da na buɗe, da a ranar na kawo ƙara."

Kum-ok ta dube ta. Ita ce ta taya ta ɗaga tulun ranar, ta san yadda aka yi. Ta buɗe baki, ta dubi ƙasa, ta rufe.

Choe ya sa aka yi wa Pok-sun tafi saboda sa ido. Tafin ya daɗe, don ba mai son ta riga kowa tsayawa.

Ranar Talata da hantsi motar ta zo ɗaukar Kum-ok. Aka ce maƙwabta su taya lodi, Pok-sun ce a gaba. Ta miƙa tukunya, ta miƙa bargo, ta kama hannun mijin Kum-ok mai ciwon ƙafa ta tura shi sama.

Kum-ok ta sunkuyo daga motar.

"Yaya, ki samu wata abokiyar musaya kafin Juma'a. Kada ki ɗauki matar direba, ba ta iya ƙarya ba."

Soja ya buga ƙarfen bayan motar, aka ja. Choe ya miƙa wa Pok-sun tsintsiya ya ce ta share ɗakin Kum-ok, masu shiga suna tafe da rana.