Gambar Baba Dogo

"Ku ɗora ni bisa amalanke," in ji Baba Dogo. "Gona za ni."

Mutumin da ko kunu ba ya wuce masa! Ina tsaye bakin zaurensa da ƙwaryar fura, ni Barira maƙwabciyarsa, na ce, "Haba Baba, gonar gudu za ta yi?"

"Ita tana nan, ɗiyata. Ni ne mai tafiya."

Na san abin da ke cinsa. Da rani, shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki, ma'aikata suka zo Gangara daga Gazawa da na'urar awon gonaki. Gambar da ta raba gonarsa da tawa an riga an yanke ta an yi zana, awaki sun ƙarasa sauran, sai mai na'ura ya bi 'yar hanyar ƙafa yana zaton ita ce iyaka. Da takarda ta fito, wani yanki na gonar tawa, gadon marayuna, ya koma hannun Baba. Na ci kukana na yi shiru.

Ɗansa Faruku ya durƙusa. "Baba, na'ura ba ta da dangi, ba ta cin hanci. Abin da ta yanke shi ne doka. A buro, ofishin masu awon, ma haka suka ce."

"Gaskiyarka, ba da gangan ta yi ba. To in kun kwantar da ni kun juya, wa za a tambaya, ni ko ita?"

Faruku ya tashi ya ɗauro jaki.

Ruwan farko ya jiƙa ƙasa. Daga kan amalanke Baba ya riƙa nuni da sanda, daga gawo zuwa tsohon suri, Faruku yana haƙa yana dasa saiwar gamba, mai gari yana shaida. "Gobe ka koma buro ka gaya wa na'urar," in ji Baba. "In mai adalci ce, za ta ji gyara."

Sannan ya miƙo hannu. "Barira, furar taki kullum tsami, amma kawo." Ya sha, har ya lashe baki. Daɗi ya cika ni, ina dariya ina share hawaye.

Ranar Juma'a ya cika, yana kishingiɗe bayan sallar la'asar.

Yanzu gambar ta yi kore shar. Layin bai miƙe sosai ba. Inda sandar ta yi rawa a hannunsa ya ɗan karkace, kuma cikin gonarsa ya karkata.