Dabinon Roda

Folasade ce ke jan wasan a barandar gidansu da ke GRA. Ita ke ƙirƙiro dodanni, abokanta su yaƙe su da ɗan ludo, kuma kowane dabino maganin rauni ne. Yau ta zuba wa dodon ƙarfi fiye da kima, ga shi Amos ya cinye dabinonsa garin surutu. Jaruminsa kuwa na gab da mutuwa.

Sai Roda, wadda kullum suke tsokana da rowa, ta kwance bakin gyalenta. Dabinon da ta daɗe tana tarawa ya zubo kan tebur.

Folasade ta yi ajiyar zuciya.

"Ungo, Amos," in ji Roda. "Na jaruminka ne, ba na bakinka ba."